Kan Jirgin da Na Kai Ngaundere

Tun da na dawo daga Ngaundere ban samu sakat ba. Duk wanda ya kawo agogo gyara, kafin ya ce me ya lalace sai ya jingina da teburina ya ce, "Malam Isiyaku, yaya ka baro jirgin ɗan'uwan naka? Da gaske ne ya fi naka?" Wasu don son jin labari suke tambaya, wasu kuwa fuskata suke son gani. Na gaji da cewa "to, ba laifi." Shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi tun daga farko, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran agogo nake yi a bakin babbar kasuwar Garwa. Kakanmu Ɗanbaba daga Kano ya zo da jakuna, yana fataucin goro da tufafi, ya zauna a nan ya hayayyafa. Mu jikoki Hausa muke yi a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci kuma idan an shiga ofis. Garwa ba ta da jirgin ƙasa. Dogo a Ngaundere ya tsaya, kuma tun muna samari ake ce mana yana nan tafe, har furfura ta fara fito mini bai iso ba. Da na gaji da jira sai na kawo shi da kaina. A wani ɗaki a ƙuryar gidana na haɗa tebur mai faɗin ƙofa biyu, na gina tashar jiragen ruwa ta bakin Binuwai kamar yadda mahaifina ya ba ni labarinta, lokacin da jirage ke hawowa da damina su ɗebi gyaɗa da auduga. Na shimfiɗa dogo na wayar tagulla har bakin ruwan. Kan jirgin kuwa shekara biyu na yi ina ƙera shi da gwangwanin madara da haƙoran tsofaffin agogon bango da ɗan injin da ke juya kaset a rediyo. Shekara tara ke nan ina wannan aiki. Ɗakin a kulle yake. Ko matata Hajara sai dai ta tsaya daga bakin ƙofa ta leƙa.

Sali kuwa ɗan Goggo Dudu ne, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai Ngaundere tun kafin a haife ni. Taubashina ne ke nan, kuma kun san tsakanin taubasai ba a raga wa juna. Mahauci ne, daga baya ya koma dillancin shanu, yana loda su a tarago zuwa kudu. Shekara uku da suka wuce ya zo Garwa suna, na yi kuskuren buɗe masa ɗakin nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya bushe da dariya ya ce, "Ashe wasan yara kake kullewa haka? Ni na zaci zinariya ce."

Wannan mutumin ne aka fara kawo mini labarinsa a bakin direbobi, wai ya gina jirgi a gidansa har mutane na tururuwa. Da farko dariya na yi, domin na san hannun Sali, yatsansa ɗaya ya yi biyun nawa. Sai ga saƙonsa ya zo cewa ranar Lahadi tsofaffin ma'aikatan reluwe za su taru a gidansa, in ubangidansa na Garwa, wato ni ɗan kawunsa, yana da hali ya zo ya koyi aiki. Na naɗe kan jirgina a tsohon rawani, na sa a akwatin katako, na ce wa Hajara zan je gaida Goggo.

Ta ce, "Goggon ce take son ganin jirgi?"

Na ci gaba da ɗaure akwatina.

Ranar Alhamis bayan asuba na je ajans, wato inda motocin haya ke lodi. Yaran mota sun so su ɗora akwatin a sama tare da buhunan albasa, na ce sai dai a ɗora ni tare da shi. Haka na rungume shi a cinya, mu biyar a layin mutum huɗu. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, tun kafin mu haye gadar Binuwai ta fara satar kallon akwatin. Da muka ɗan yi nisa ta kasa haƙuri, ta ce da Fulatanci, "Malam, in abin tsoro ne ka faɗa mana tun yanzu, ka san hanyar nan." Tana nufin dukiyar da za ta jawo mana 'yan tare hanya, waɗanda a shekarun nan ba wanda ke shiga mota bai yi addu'a a kansu ba. Na ce mata kayan aiki ne. Ta ce ita ma haka take cewa.

A Ngong muka tsaya. Direba ya ce sai motoci sun taru a tafi a jere, don haka muka yi wajen awa biyu a gindin bishiya. Na sayi tsire da dafaffiyar gyaɗa, na ci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan akwati. Wani dattijo da ke zuwa asibiti ya ba ni shawara in ɓoye abin da ke ciki a safa in bar akwatin fanko, haka masu wayo ke yi. Na ce ba zai shiga safa ba. Ya dube ni da girmamawa irin wadda ba a taɓa yi mini ba, daga nan kuma ya riƙa ce mini Alhaji.

Mu ba mu haye iyakar ƙasa ba, amma Bahaushen Kamaru kowane shingen jandarma iyaka ne a wurinsa. A wani shinge can gaba aka sauke mu duka, aka karɓi katin shaida. Jandarman, wani dogo ɗan kudu, ya karanta sunana ya ɗago kai.

"Nijeriya?"

Na ce masa da Faransancin da na koya a lekol, wato makarantar boko, a Garwa aka haife ni, a Garwa aka haifi ubana. Ya juya katin gaba da baya, sannan ya nuna akwatin da haɓa. Na buɗe, na warware rawanin. Hajiya ta miƙo wuya, dattijon nan ma ya matso. Da suka ga gwangwani ne mai ƙafafu, Hajiya ta ja tsaki ta koma mota, dattijon kuma bai sake ce mini Alhaji ba.

Jandarman kuwa fuskarsa ta sake. Ya ɗauki kan jirgin a hankali da hannu biyu, ya ce mahaifinsa a reluwe ya yi aiki har ya mutu. Na ciro batir na taɓa masa waya, ƙafafun suka juya, ya yi dariya kamar ba shi ne ya tsare ni ba, har ya kira abokin aikinsa ya gani. Na ji daɗi ƙwarai, don baƙo na farko ke nan da ya yaba aikina. Yana miƙo mini katina sai ya ce, "In ka isa Ngaundere ka nemi gidan wani mahauci. Shi nasa gari guda ne. Za ka ƙaru."

Na rufe akwatina na koma mota, muka ci gaba har muka fara hawan dutse.

Hawan nan kuwa duk wanda ya bi hanyar ya san shi. Mota na nishi, hanya na murɗewa, ga manyan motocin da suka gaza a gefe an tokare su da duwatsu. Muna ƙarasa hawa iska ta canza. Ni da na baro Garwa ina gumi da 'yar shara, sai ga ni ina rawar ɗari ana yayyafi. Mutanen Ngaundere da riga mai kauri suke yawo da rana tsaka, ƙasarsu ja wur, ta shafe mini farin wandona kafin in fita daga tasha.

Ban wuce gidan Goggo ba. Na ce a raina ba zan isa wurin Sali a jiƙe ina kakkarwa ba, don haka na kama ɗaki a wani masauki kusa da tashar jirgi. Mai masaukin ta kawo mini bokitin ruwa, na zuba kofi ɗaya a baya na yi salati da ƙarfi har ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko kunama ce. A Garwa ruwan randa ake nema don sanyi, a can sai an roƙa a ɗumama.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, bari in faɗa a nan. Shekara tara ina ƙera jirgi, ban taɓa ganin na gaske ba. A hoton kalanda da littafin makaranta na san shi. Da la'asar na je na tsaya a bayan shingen tasha na ga ana shirya wanda zai tashi zuwa kudu. Ban zaci haka yake da datti ba, ban kuma zaci ƙasa na rawa a ƙarƙashin mutum in ya motsa ba. Ina nan tsaye baki buɗe aka dafa kafaɗata.

"Ubangidana! Baƙauyen Garwa ya ga jirgi!"

Sali ne, da sanda a hannu da kashin shanu a takalmi, ya fito daga wajen lodi. Duk shirin da na yi na isa gabansa da kwarjini ya rushe. Ya rungume ni, ya ce in Goggo ta ji na kama ɗaki a masauki kamar marar dangi, ni da shi duka ba za mu sha da daɗi ba. Ya sa aka ɗauko kayana. Akwatin dai ni na riƙe abina.

Goggo Dudu ta tsufa ƙwarai, amma bakinta na nan. Ta yi mini faɗan masauki, ta yi mini faɗan rama, sannan ta sa aka kawo abinci. Tuwon masara ne da miyar yakuwa, wadda su da mu duka muke kira folere, sai dai tasu nama ya fi ganye yawa, gidan mahauta ne. Aka kawo wani rogo da ake naɗewa a ganye kamar sanda, jirgi ke kawo shi daga kudu, yana da tsami da danƙo, na ci don kunya. Aka yanka mini piya, wadda a Garwa sai mai hali, a nan kuwa a tsakar gida take faɗowa awaki na ci. Na tambayi kifi, Sali ya ce in na koma kogi na ci.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ya kai ni in ga abin.

Ba a ɗaki yake ba. Tsohuwar rumfar da yake shanya fatu ce ya buɗe mata gefe biyu, ya jera tebura sun kai tsawon motar da ta kawo ni. Abin da na fara yi shi ne neman aibu, kuma na samu da yawa. Dogonsa da ƙarafan tsofaffin laima ya yi shi, wani wuri a karkace. Dalmar da ya liƙa waya da ita dunƙule-dunƙule ce kamar an tofa. Kawunan jirginsa biyu motocin wasa ne na kanti ya yanke ya sa musu rufin gwangwani. Shanun da ya sassaƙa wasu sun fi tarago tsayi. Da a ɗakina ne, da ko ɗaya ba zai kwana a kan tebur ba.

Amma ga dutsen Ngaundere da ƙaton curin dutse a kansa, da jar ƙasa ta gaske. Ga tasha, ga gangaren da ake kora shanu su shiga tarago, ga mata masu tallan zuma da piya an yi su da ƙyalle. Ga mutane kuma, na gaske nake nufi, sun kai ashirin, tsofaffi a kan benci, mata a tsaye da goyo, kowa na nuna wani abu yana gardama. Wani ya ce ba a nan famfon tasha yake ba a da, sai kawai ya miƙa hannu ya cire shi ya matsar. Na ji kamar a jikina aka cire. Sali ko kallonsa bai yi ba.

Na tsaya ina murmushi ina cewa madalla. Tunanina ne wannan. A ɗakina ya gan shi, ya yi mini dariya, ya zo ya yi shi da hannun yankan nama, kuma shi duniya ta sani.

Abin da ya fi ci mini rai yana can ƙarshen tebur. Kafin dogo ya fara, ya yi wata siririyar hanya ta ƙafa tana hawowa dutse, a kanta jakuna bakwai da kaya, a gabansu wani ɗan mutum da malafa, kafaɗarsa ɗaya a karkace.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Kakanka mana. Ɗanbaba. Ba ka san har nan yake zuwa sayen goro ba kafin ya zauna a Garwa? Kafaɗar nan jaki ne ya kayar da shi a hawan nan da ka biyo jiya, ta ɗore a haka."

Ban sani ba. Ni ɗan namiji, ni ke zaune a gidan da mutumin ya gina, ni na ɗauka tarihin gidanmu a hannuna yake, ban taɓa jin zancen kafaɗa ba. Da yamma na sami Goggo tana tsintar wake na ce, "Goggo, ashe akwai labarin Kaka da kika ɓoye mana kika ba ɗanki?"

Ta ce, "Ɓoyewa? Shi ya zo ya zauna a nan inda kake, ya yi ta tambayata har na gaji. Jakuna nawa, wace irin hula, ina suke kwana. Kai ka taɓa tambayata? Sau biyu na je Garwa tun da ka fara abin naka, ko ƙofar ba ka buɗe mini ba."

Na ce ƙura nake gudu.

Ta ce, "To, ai ga shi ba ƙura."

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai a ranar, kuma ba na alfahari da shi. A tsakiyar teburan Sali ya yi hawa, inda dogo ke tasowa daga wani kwari zuwa tasha. Kawunan jirginsa ba sa iya hawan nan da kaya. Da tarago biyu sukan lallaɓa, da uku sai su tsaya ƙafafu na juyawa a banza, sai wani ya sa yatsa ya tura. Duk lokacin da aka tura sai in ji wani daɗi ya ratsa ni. Na san nawa zai ja shida bai yi nishi ba, don haƙoran agogo na sa masa, ƙarfi na ba shi ba gudu ba.

Ranar Asabar da safe, da ba kowa a rumfar sai ni da shi, na ɗauko akwatin na warware rawanin. Sali ya matso. Ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa, ya juya shi, ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe yana kallon haƙoran nan.

Ya ce, "Kai, Isiyaku. Allah ya ba ka hannu."

Ban taɓa jin ya kira sunana ba tare da tsiya a gaba ko a baya ba sai ranar. Na karɓa na ɗora a kan dogonsa don in gama da shi gaba ɗaya. Sai ya ƙi zama. Ƙafafun gefe ɗaya na kan ƙarfe, na ɗaya gefen sun sauka a waje. Na gwada a wani wurin, haka. Na ciro ma'auni na auna. Dogon Sali ya fi nawa matsewa da kaurin tsinken ashana. Shi da ido ya auna nasa lokacin da ya ga nawa, idon kuma ya ɗan gaza.

Ya yi dariya ya ce, "Jirgin Garwa ya yi ƙiba, kifi ya yi masa yawa." Sannan ya ce ba komai, gobe sai a ajiye shi a kan kujera mutane su kalla.

A kan kujera! In sha wannan doguwar hanya da akwati a cinya, a ajiye mini jirgi a kujera kamar kwalliyar amarya, motocin kantinsa na zagaye? Na ce ya samo mini magagari da ƙaramin zarto. Ya ce in yi tunani, kada in ɓata abin shekara biyu saboda yini ɗaya. Wannan maganar ce ma ta ƙara tunzura ni.

Na zauna a bakin rumfar tun hantsi. Matse ƙafafu kawai ba zai yi ba, don jikin da suke ciki ya cika faɗi. Sai da na kwance shi gaba ɗaya, na goge gefe da gefe da magagari, na yanke ƙarafan da ke haɗa ƙafa da ƙafa, na sake liƙewa. Sallah kaɗai ke tayar da ni. Goggo ta aiko da fura ta yi ta zama har ta tsinke. Wajen la'asar sakaliya na ɗora shi, ya zauna daram. Sali ya miƙa hannu zai kunna, na ce a'a, sai gobe a gaban mutane.

Lahadi bayan azahar rumfa ta cika. Tsofaffin reluwe sun zo su tara ko goma, yawancinsu Kiristocin kudu da suka yi ritaya suka zauna a garin, sun fito daga coci da kwat da hula. Babbansu wani ne da ake kira Papa Zosef, tsohon direban jirgi, idonsa ya kusa tafiya, da sanda ake jawo shi. Aka zaunar da shi daidai wurin hawan. Sali ya fara sakin nasa, suka zagaya, aka tura da yatsa kamar kullum, aka yi dariya. Sannan na ɗora nawa, na ɗaura masa taragon shanu shida, na ƙara na fasinja ɗaya don mugunta.

Ya tashi a hankali. Ya bi kwana, ya gangara kwari, ya kama hawa. Rumfar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar haƙoran nan, ƙir-ƙir-ƙir, ba sauri ba tsayawa. Papa Zosef ya karkata kai ya kasa kunne. Da jirgin ya kai rabin hawa sai ya ɗaga hannu ya fara magana da Faransanci, ba da mu ba, da jirgin, yana lallashinsa kamar yadda ake yi wa doki. Da tarago na ƙarshe ya haye, tsohon nan ya buga sandarsa a ƙasa, sai ga hawaye. Aka ɗauki tafi da sowa.

Sai suka yi kan Sali. Wannan ya riƙe masa hannu, wancan ya dafa shi, "Sali, ka gama! Sali, wannan karon ka yi jirgi!" Ni ina tsaye a gefe da rawani a hannu.

Don Allah ya gani, Sali bai ci amanata ba. Ya ɗaga murya ya ce ba shi ya yi ba, ga mai shi nan, ɗan kawunsa daga Garwa, ya faɗa da Fulatanci ya maimaita da Faransanci. Aka waiwayo aka ce mini sannu, sannu da ƙoƙari, aka koma kansa. Papa Zosef ya sa aka kawo ni, ya laluba hannuna ya riƙe, ya ce, "Ka yi sa'ar maigida. Ka riƙe shi da kyau, za ka koyi abubuwa."

Na ce na gode.

Har magariba ana sa jirgin nan yana hawa yana sauka. Hannaye sun fi talatin da suka taɓa shi. Wata mata ta ɗora masa ƙwayar gyaɗa a rufi wai kaya ne. Ban hana ba, ban kuma ji daɗi ba.

Litinin da safe ina haɗa kaya Sali ya shigo ya zauna a bakin gado. Ya yi ta zagaye-zagaye, hanya, ruwan sama, farashin shanu, sannan ya ce, "Ka bar shi a nan mana. Ko na wata ɗaya. Papa Zosef ya ce zai dawo Lahadi da jikokinsa. Zan rubuta sunanka a jikin tebur da manyan baƙaƙe, da fenti."

Na ce, "Wasan yara ne ai. Me za ka yi da shi?"

Ya dube ni. Na ga ya tuna. Ya ce, "Ashe tana nan a ranka." Sannan ya ce, "Ranar da na yi maka dariyar nan, da na koma masauki ban iya cin abinci ba. Shekara ashirin ina loda shanu a jirgi, bai taɓa zo mini a rai ba, kai da ba ka taɓa ganinsa ba ka yi. Me kake so in ce, ban da dariya?"

Da a ce ni mutumin kirki ne irin na labari, da nan na miƙa masa akwatin. Ban miƙa ba. Na ji daɗin maganarsa sosai, har na so ya ƙara, amma na naɗe kan jirgina na rufe akwati. Ya raka ni ajans da kilishi da kwalbar zuma da piya cikin buhu, bai sake tayar da zancen ba. Goggo ce kawai da na je sallama ta dubi akwatin ta ce, "Ka gaida ɗakin."

Dawowa ba wani labari. Gangara ta fi hawa sauƙi, jandarman nan ba shi ke aiki ba, zafi ya tarye mu tun kafin Ngong har na ji na dawo cikin hayyacina. Na isa gida bayan la'asar. Ko wanka ban yi ba na buɗe ɗakin, na share 'yar ƙurar da ta taru a bakin ruwa, na warware rawani na ɗora kan jirgina a dogona.

Sai ya faɗa tsakani. Ƙafafun gefe ɗaya suka zame suka sauka a kan katako, ya kwanta a karkace a gaban rumbun gyaɗa. Na ɗaga na sake ɗorawa, ya sake zamewa. Wallahi duk tsawon hanyar nan, da akwatin a cinyata, ban yi wannan tunanin ba ko sau ɗaya. Abin da na goge na goge, abin da na yanke na yanke. A duk faɗin ƙasar nan dogo ɗaya ne jirgina zai iya hawa yanzu, kuma a rumfar fatun Sali yake.

Hajara na tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. Ta dubi jirgin, ta dube ni.

Ta ce, "Ƙanen maƙwabciyarmu Maman Ladi direba ne, ranar Laraba yake tashi Ngaundere. Yana da amana."

Na ce ban tambaye ta ba.

Laraba uku ke nan sun wuce. Na auna tagulla don in sake sabon jiki, na ajiye. Na fara ɓamɓare dogon don in matse shi, na yi taku ɗaya na tsaya. Masu tambaya ko nasa ya fi nawa, ga amsa: nawa ya fi kyau, duk wanda ya san aiki zai faɗa. Kan jirgin yana nan a akwati a ƙarƙashin teburin shagona, a naɗe, an ɗaure da igiya, har na rubuta sunan Sali a murfin. Ban dai ba direban ba tukuna.